Waiwaye: Zamanin da Inji Ya Fi Ƙarfin Firam

A ƙarshen shekarar 1972 kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da babur ɗin nan mai suna Z1. Injinsa silinda huɗu ne, girmansa cc 903, ƙarfinsa doki 82, kuma idan aka sakar masa mara a miƙaƙƙiyar hanya yana wuce kilomita 200 a sa'a. A wancan lokaci da wuya a sami babur na kasuwa da zai kama ƙafarsa. Injin kuwa ga ƙarko, har yau akwai masu hawa na asali. Amma duk wanda ya shiga doguwar kwana da shi a guje, ya taka ɗan tudu a tsakiyarta, ya san abin da ke biyo baya. Bayan babur ya soma kaɗawa hagu da dama, kai ma ya amsa, mahayi ya rasa ko totur zai ƙara ko birki zai taka.

Ba shi kaɗai ke da wannan hali ba. Honda CB750 da ta riga shi fitowa a 1969 tana da tata rawar idan aka matsa mata, ga kuma Kawasaki H1 mai silinda uku, cc 500, wanda mahaya a Turai da Amurka suka yi wa laƙabi da mai sa mata takaba. Injiniyoyin Japan sun zuba basirarsu kaf a cikin inji, amma ƙarfen da ke ɗauke da injin, wato firam, ya tsaya inda yake tun zamanin da doki 40 ko 50 ke isar babban babur. Siraran bututu ne aka lanƙwasa, aka buɗe tsakaninsu don faffaɗan inji ya sami wurin zama. Fok ɗin gaba na Z1 kaurinsa milimita 36 ne kacal, ga babur mai nauyin kilo 230 tun ba a zuba masa mai ba.

Da yawa suna ɗaukar firam a matsayin wurin rataya inji da tanki da kujera. Wannan ƙaramin aikinsa ne. Babban aikinsa shi ne ya riƙe wurare biyu kada su saɓa wa juna: wuyan babur inda fok yake juyawa, da gindin hannun da ke riƙe tayar baya inda doguwar ƙusa ta ratsa. Muddin waɗannan biyun suna nan daram, tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Da zarar abin da ke tsakaninsu ya murɗe, ko da kaɗan ne, sai tayar baya ta soma tuƙi da kanta ba da izinin mahayi ba. Masu murɗawar kuwa ba sa hutawa. Birki yana tura ƙasan fok baya, wuya ya sha nauyin. Cen yana jan tayar baya ta gefe guda duk sa'ar da aka murza totur. Kwana tana tura tayoyin biyu gefe. Firam mai laushi sai ya lanƙwashe, ya saki, ya sake lanƙwashewa, kuma babu abin da zai kashe motsin. Shokazoba yana da mai a cikinsa da ke shanye tsalle, ƙarfen firam ba shi da wannan.

Rawar ma iri biyu ce, kuma wani masani a Ingila, Robin Sharp, ya bayyana lissafinta tun 1971. Akwai kaɗa kai, mai sauri, wajen sau 6 zuwa 10 a sakan ɗaya, inda kan babur ke marin tanki har ya nemi ƙwacewa daga hannu. Akwai kuma rawar jiki duka, wajen sau 2 zuwa 4 a sakan, wadda ke zuwa a babban gudu kuma take ƙaruwa da shi. Ta farko galibi a gaba ake neman sanadinta: taya, boris ɗin wuya, fok, ko kayan da aka jibga a baya har gaba ya yi sakayau. Ta biyun ce ta fi nuna firam da hannun tayar baya da shokazoba. Bakaniken da bai bambance su ba, zai iya kwana yana walda a inda ciwon ba ya nan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, an riga an warware wannan matsala shekara ashirin kafin Z1. Wani mutumin Belfas a Ailan ta Arewa, Rex McCandless, wanda a gareji ya koyi aikinsa ba a jami'a ba, shi da ƙanensa Cromie, sun ƙera wa kamfanin Norton wani firam da aka fara tsere da shi a 1950. Bututu biyu ne dogaye, kowanne ya taso daga wuya, ya zagaye inji, ya komo wuya, suka gitta juna a can suka ƙulle shi ta sama da ƙasa. Da walda aka haɗa shi gaba ɗaya, da bututun Reynolds 531, kuma an ɗaure kan injin da firam ɗin don shi ma injin ya taya riƙo. A tseren tsibirin Man na waccan shekara, inda zagaye ɗaya ya kai kilomita 60 a kan hanyar gari mai tudu da gangare, Norton ta kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a ajin cc 500, ta maimaita haka a ajin cc 350. A 1951 Geoff Duke ya ci gasar duniya a ajin biyu a kan wannan firam da aka sani da Featherbed, da inji mai silinda ɗaya, alhali Gilera ta Italiya tana da silinda huɗu da suka fi nasa ƙarfi. Daga baya samarin Landan na shekarun 1960 suka riƙa cire injin Norton suna saka na Triumph a cikin firam ɗin, suna kiran abin Triton. Sun san inda alherin kowane kamfani yake.

Ita Norton ɗin dai ce kuma ta ba da misalin yadda ake kuskure wajen ƙarfafa wuya. Babur ɗinta Commando da ya shiga kasuwa a 1968 yana da ƙaton bututu guda a sama, kuma an yi wa wuyansa toshi da farantin ƙarfe. A ido abin ya yi kama da wanda ba zai taɓa karyewa ba. Sai ga firam suna tsagewa a kusa da wuyan, a daidai inda ƙarfe mai tauri ya ƙare, mai laushi ya fara. A 1969 aka canza tsarin, aka miƙa wani siririn bututu a ƙarƙashin babban, daga wuya zuwa baya, aka huta. Ba yawan ƙarfe aka ƙara ba, hanya aka ba nauyin ya bi.

Da baburan Japan suka cika kasuwa, masu son gudu sun rabu gida biyu. Masu kuɗi suka ce a jefar da firam ɗin kawai. 'Yan'uwan nan Don da Derek Rickman a Ingila suna sayar da nasu firam mai ƙyalli wanda injin Honda ko Kawasaki zai zauna a ciki. Fritz Egli a Suwizalan ya bi wata hanyar: ƙaton bututu guda miƙaƙƙe, kaurinsa kusan milimita 100, daga wuya zuwa baya, inji na rataye a ƙarƙashinsa. A Italiya kuwa Massimo Tamburini ya faɗi da Honda 750 ɗinsa a filin tsere na Misano a 1972, ya karya haƙarƙari, ya tashi ya ƙera mata sabon firam, kuma daga nan kamfaninsu Bimota ya koma sana'ar babura a garin Rimini.

Gida na biyu su suka fi burge ni, domin su ba a ba su damar jefarwa ba. A 1976 hukumar wasan babura ta Amurka, AMA, ta buɗe gasar manyan baburan kasuwa. Doka ta ce babur ya ci gaba da kama da wanda ake sayarwa a shago, firam ɗinsa na asali ne, amma an yarda a ƙarfafa shi. Kowa ya zaci Kawasaki za ta cinye, tunda ita ke da dawakai. Sai ga BMW R90S ta Jamus, babur ɗin kamfanin da aka sani da dattawa masu doguwar tafiya, wanda a shago doki 67 ne ƙarfinsa. Injiniyan tawagar, Udo Gietl, ya ƙara wa injin ƙarfi, ba shakka, amma ya kuma miƙa bututu daga wuya zuwa wajen gindin hannun tayar baya, ya ɗaure wuraren nan biyu kai tsaye. A tseren farko a Daytona, Steve McLaughlin ya zo na ɗaya a kan BMW, Reg Pridmore ya biyo shi a kan wata BMW ɗin, ratar da ke tsakaninsu sai da aka duba hoto. Pridmore ne ya ɗauki kambun shekarar. A 1977 ma Ducati ce ta ci Daytona a hannun Cook Neilson.

Masu tsere da baburan Japan sun ɗauki karatu. Pridmore ya koma Kawasaki, ya ci kambun 1977 da na 1978 a kan firam da suka sha ƙari. Hideo Yoshimura, dattijon nan da ake kira Pops, wanda ya yi suna wajen fito da dawakai daga inji da hannunsa, ya bar Kawasaki ya kama Suzuki GS1000 mai firam da ya fi nutsuwa. Da ita Wes Cooley da Mike Baldwin suka ci tseren sa'a 8 na Suzuka karo na farko a 1978, Cooley kuma ya ɗauki kambun Amurka a 1979 da 1980. Eddie Lawson ya dawo da shi gidan Kawasaki a 1981 da 1982. Duk wanda ya kalli hotunan baburan wancan zamani an cire musu tanki zai ga abu kusan iri ɗaya: gajerun bututu a ƙarƙashin wuya, wasu sun gitta tsakanin bututun hagu da na dama, wasu a saman gindin hannun baya, sannan shi kansa hannun an yi masa tokari ta ƙasa.

To amma wanda ya ga hoto ya ruga ya kunna injin walda ya bar jaki yana dukan taiki. Mafi yawan tsofaffin baburan da ake zargin firam ɗinsu, ba firam ne ya fara cutar da su ba. Bushin hannun baya ne ya cinye, ta yadda idan aka ɗaga babur aka kama tayar baya aka girgiza za a ji tana ƙwas-ƙwas. Boris ɗin wuya ne ya yi rami a tsakiya. Shokazoba ne ya tsiyaye, sai sifirin kaɗai ke aiki. Wayoyin gargare ne suka saki. Ƙusoshin da ke riƙe inji ne suka yi wa ramukansu kaɗan, injin da ya kamata ya zama ginshiƙi ya koma ɗan haya. Masu tseren can daga nan suke farawa: su cire bushin roba su saka na tagulla ko boris mai allurai, su canza boris ɗin wuya zuwa mai tsini, su gyara ramukan inji ƙusa ta shiga dam, su haɗa ƙafafun fok biyu da ƙarfe a saman taya. Sai abin da ya rage bayan wannan ne rabon mai walda. Kuma sau da yawa, ga mai hawa a titi, babu abin da ke ragewa.

Idan kuwa walda ta zama dole, ƙa'idarta tsohuwa ce, kowane mai yin ƙofar ƙarfe ya san ta. Ƙyaure mai kusurwa huɗu, komai kaurin ƙarfensa, yau da gobe sai ya sunkuya ya riƙa jan ƙasa, amma da an gitta masa ƙarfe guda daga kusurwa zuwa kusurwa ya zama alwatika biyu, shi ke nan ya tsaya. A firam ma haka ne. Tokari ya zama miƙaƙƙe, ya taso daga mahaɗa ya sauka a mahaɗa. Wanda aka lanƙwasa don ya kauce wa kafireto ya riga ya zubar da rabin amfaninsa, wanda kuma aka dasa a tsakiyar wani bututun, nema yake ya lanƙwasa shi.

Sai batun da aka fi ruɗewa a kansa, wato bambancin ƙwari da tauri. Ƙwari shi ne nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya lanƙwashe har abada ko ya karye. Tauri kuwa shi ne yadda yake ƙin motsawa tun kafin a kai can. Baƙin ƙarfe na yau da kullum da tsadadden ƙarfe irin na Reynolds, taurinsu kusan ɗaya ne, a ƙwari suka bambanta. Wanda ya sayi tsadadden bututu mai kauri ɗaya da na da, yana zaton babur zai daina rawa, ya yi asarar kuɗinsa. Abin da ke kawo tauri shi ne faɗin bututu. A ninka faɗinsa biyu, a bar kaurin bangonsa yadda yake, nauyinsa zai ninka biyu, amma ƙin murɗewarsa zai ninka kusan takwas. Sirrin Egli ke nan. Shi ya sa kuma da aka koma alminiyon, wanda taurinsa sulusin na ƙarfe ne, aka riƙa yin sa faffaɗa. Injiniyan Sifaniya Antonio Cobas ya fito da firam mai manyan katanga biyu a farkon shekarun 1980, daga wuya kai tsaye zuwa gindin hannun baya, tsarin da manyan baburan gudu ke bi har yau. Layin da Gietl ya bi da bututunsa ne aka mayar da shi firam ɗin kansa.

Farantin toshi ma yana da wurin zama. A gefen bututu ake manna shi, inda ƙarfen bai cika miƙewa da tsukewa ba, ba a tsakiyar cikinsa ko bayansa ba, kuma a bar bakinsa ya ƙare a hankali, kada a yanke shi tsaye. Ga kuma wuta. Walda tana tsukewa idan ta huce, tana jan ƙarfe zuwa gare ta. A yi dogon ɗinki a gefe guda a tafi cin abinci, kafin a dawo wuya ya karkace, babur ya fi da tauri amma ya koma tafiya a kaikaice. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Masu yi da kyau suna ɗaure firam a kan teburin awo, ko aƙalla su bar kwankon inji a ɗaure a ciki, su ɗiɗɗiga walda nan da can, hagu sannan dama, su bari ya huce, su auna, sannan su ci gaba. Tsofaffin baburan Ingila kuma akwai wani tarko: mahaɗansu da yawa da tagulla aka like su, kuma waldar lantarki a kan tagulla tsagewa take yi.

Kada kuma a ɗauka tauri ba shi da iyaka. Babur da ya kwanta a kwana, shokazobansa ma a kwance suke, tudun hanya kuwa daga ƙasa yake bugowa, saboda haka ɗan sassaucin firam ta gefe ne ke taimaka wa taya ta zauna a kwalta. Ducati ta ci gasar duniya a 2007 da Casey Stoner a kan firam ɗin bututun ƙarfe. A 2009 ta koma wani ɗan guntun akwatin kabon da aka ɗaure a jikin inji, mahaya suka riƙa kukan ba sa jin abin da tayar gaba ke yi. Valentino Rossi ya yi shekara biyu a kamfanin, 2011 da 2012, bai ci tsere ko ɗaya ba, kuma a shekara ta biyun sun riga sun koma firam ɗin alminiyon irin na kowa. A tsohon babur abin ya fi sauƙin gani: a ƙarfafa wuri ɗaya, sai motsin ya koma wuri na gaba da ya fi rauni, ya taru a can. Tayoyin zamani masu kama kwalta ma ƙara wa tsohon firam wahala suke yi, domin nauyin da tsohuwar taya ke zubarwa ta hanyar zamewa, sabuwar miƙa wa ƙarfe take yi. Har yau a Japan akwai garejin da sana'arsu ke nan, ƙarfafa firam ɗin Z1 don ya ɗauki sabbin tayoyi da birki, ko da yake masu tara tsofaffin babura sun fi biyan kuɗi a kan wanda wuta ba ta taɓa ba.

Mu a nan babu mai tsere da doki 82 a kan hanyar ƙauye. Boxer da Jincheng da roba-roba ba su kai ko kusa ba. Namu firam ɗin kaya ne ke wahalar da su, ba gudu ba: buhun masara biyu, jarkokin mai, mutum uku ko huɗu, ga gargada. Amma ƙarfe bai san bambanci ba. Ana ƙara wa kariya tsawo da rodi har ta wuce tayar baya, nauyi ya koma bayan ƙusar taya, gaba ya yi sakayau, kai ya soma kaɗawa a gangare. Firam ya tsage a ƙarƙashin kujera kusa da inda shokazoba ya kama, a kai wa mai walda, ya ɗora ƙaton ƙarfe a kan tsagar ya ƙona shi da wuta, ba da jimawa ba sabuwar tsaga ta fito a bakin ƙarfen da aka ɗora, daidai abin da ya sami Commando a 1968. Rodi kuwa na gini ne. Cikakke ne, ga nauyi, bututu mai nauyi ɗaya da shi ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, kuma ba kowanne ke karɓar walda lafiya ba.

Don haka, malam mai babur, kafin ka kai shi wurin walda ka ɗora shi a kan jak ɗinsa na tsakiya, ka girgiza tayar baya, ka juya kai a hankali ka ji ko yana maƙalewa, ka duba iskar taya da ƙusoshin inji. Kai kuma maigida mai walda, idan aikin ya zo hannunka, a cire tanki a kai shi nesa, a cire batir da akwatin wuta, a nemi bututu maimakon rodi, a sauke tokarin kariya a mahaɗa, kuma kafin babur ya bar rumfarka a ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba a tabbatar suna kan layi ɗaya.